Minti Uku na Inna

Ƙarar ta fara ne a watan Afrilu na 2025, lokacin da zafin Maraɗi ke korar mutum daga ɗaki tun kafin azahar. Ina zaune a tsakar gida da dare, kwamfuta bisa cinya, ina shirya tambayoyin jarrabawa, sai na ji wani abu daga cikinta yana cewa ƙas, ƙas, ƙas, sau uku ko huɗu, kamar ana ƙwanƙwasa ƙoƙo da farce. Allonta ya tsaya cak. Na jira. Bayan ɗan lokaci ta farfaɗo ta ci gaba da aikinta, ni ma na ci gaba da nawa, na ce a raina zafi ne kawai. Duk wanda ya daɗe da tsohon babur ya san irin wannan ƙaryar da mutum ke yi wa kansa idan ya ji baƙon sauti a cikin inji.

Kwamfutar ba sabuwa ba ce tun ranar da ta zo hannuna. Gwanjo na saye ta a 2014, irin tafi-da-gidankan da ƴan kasuwa ke shigowa da su ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Shekara 11 tana biye da ni cikin jaka a bayan babur, daga gida zuwa lakwal, daga lakwal zuwa taron ƙungiya, wani lokaci har ƙauye. A shekarun farko na sha rufe murfinta in cusa ta jaka ba tare da na kashe ta ba, ta sha gargadar hanya tana farke. Daga baya batirinta ya mutu, ta yadda duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai ta ɗauke tare da ita, ba sallama. A watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, ban iya ƙirga sau nawa take yin wannan suma a rana ba. Ke nan idan akwai mai laifi a wannan labari, ga shi yana rubuta muku.

Abin da ke cikinta kuwa, in ban da darussan Faransanci da na Hausa waɗanda ko sun ɓace zan iya sake rubutawa, akwai abubuwa biyu da ba ni da madadinsu. Na farko, karin magana da kacici-kacici da ɗalibaina suka riƙa kawo mini daga gidajensu shekara da shekaru, kowanne da sunan garin da aka ji shi, daga Tasawa, Mayahi, Madarunfa, Dakoro, Gidan Rumji. Na biyu, muryar mahaifiyata. Tsakanin 2009 da 2012, duk hutun da na je Tsibiri nakan ajiye ƴar rakoda, irin wadda ba ta cin kaset, a gefen tabarmarta bayan isha, tana yi wa jikoki tatsuniya ni kuma ina naɗa. Naɗi 43 ne. Inna ta rasu a 2016, kuma tun daga ranar ban sake buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba. Na san suna nan, hakan ya ishe ni. Na taɓa kwafe su a kan kile, amma wani abokin aiki ya ara don ya buga takardu, ya dawo mini da shi fes, an share kome wai ƙwayar cuta ta kama shi. Na ce zan sake kwafewa ranar Lahadi. Shekara shida Lahadin nan ba ta zo ba.

Da ba don ƙungiyarmu ta malamai ba, wataƙila da na ci gaba da jin ƙas-ƙas ina kau da kai. A ƙarshen Maris na shekarar aka ƙaddamar da sabon kundin da ƙasa ke tafiya a kansa, wanda ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mu da muka yi shekaru muna koyar da Hausa da takardun da muka buga da kanmu, muka ga cewa ko me zai biyo baya, yara za su buƙaci abin karantawa. Aka yanke shawarar kowa ya kawo abin da ya tara, ni aka ce in kawo tatsuniyoyin Gobir. Na sa sabon kile, na jawo dosiyen Inna don in kwafe. Ya yi nisa kaɗan, sai ƙarar ta dawo, wannan karon ba ta tsaya ba. Na zare wayar wuta da hannu yana rawa.

Washegari na nufi wani ɗan shago a bayan kasuwa, inda aka ce akwai yaro mai hannu. Ina shiga ya miƙe tsaye ya ce, «Mushe, sannu da zuwa.» Sai da na dube shi sau biyu. Ɗalibina ne na da, wanda ya bar lakwal a aji na uku na kwaleji, kuma abin da na fi tunawa game da shi shi ne jan bik ɗina a kan kayensa. Ban taɓa ba shi sama da sifili a dikte ba, sai ko sau ɗaya, kuma ina zaton ranar ma kuskuren lissafi na yi. Yanzu ga shi da gemu, da yara biyu masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, da falanki ɗaya na hasken rana bisa rufin shago. Ya share mini kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. Ni kuwa na tsinci kaina ina yi masa bayani da irin muryar da iyayen yara ke yi mini bayani da ita idan ɗansu ya faɗi jarrabawa.

Bai buɗe kwamfutar nan take ba. Ya ce kowane faifai yana da karnensa na asibiti, wanda yake rubutawa da kansa tun ranar da aka ƙera shi: awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka tashe shi, sau nawa wuta ta yanke masa, gurbi nawa ya lalace aka musanya shi da na ajiya. Ya fito da karnen a allo, ya nuna mini layi biyu da suka yi rawaya. «Mushe, wannan ya daɗe yana kuka, ba a saurare shi ba.» Daga nan ya jawo wani mataccen faifai daga kwandon tarkace, ya kwance murfinsa don in ga abin da muke magana a kai.

Ban taɓa ganin cikin disk-dur ba sai ranar, alhali na sha rubuta kalmar a allo. Wani ɗan faifai ne mai sheƙi kamar madubi, bai kai tafin hannu ba, da wani siririn hannu na ƙarfe da ke miƙe a kansa, tamkar garmahon da muka tarar a gidajen kakanninmu. Bambancin shi ne allurar garmaho tana taɓa faifai, wannan kuwa ba ta taɓawa. Faifan yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa guda, iskar da juyin ke tayarwa ita ke ɗauke da kan allurar, yana shawagi a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ana rubutu da maganaɗisu, ana karantawa da maganaɗisu. Idan aka girgiza shi yana cikin gudu, kan allurar na iya dukan faifan ya yi masa ƙarzuwa, wurin ya zama abin da yaron ya kira gyambo. Ƙas-ƙas ɗin da nake ji kuwa, hannun ne ke zuwa neman rubutu, ya kasa karantawa, ya koma mafari, ya sake dawowa. Daga baya na karanta cewa kakan waɗannan faifai, wanda kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956, faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka-duka haruffa wajen miliyan 5 yake ɗauka. Nawa mai jiga 320 ya ninka shi sau dubbai masu yawa, amma dabarar ba ta sauya ba, abu ne mai juyi da hannu mai lalube.

Sai ya ɗora mini wanda zai maye gurbinsa a tafin hannu, abin da suke kira SSD, mai jiga 500. Tsawonsu da faɗinsu ɗaya da tsohon, bakin da ake sa shi ma ɗaya, amma nauyinsa bai fi na kwalin ashana ba. Na girgiza shi kusa da kunne, ban ji kome ba. Mu mutanen kasuwa ne ko da mun yi boko, abin da ba shi da nauyi a hannu ba mu cika yarda da shi ba, kuma jika 25 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga malamin da ke jiran ƙarshen wata. Ya gane abin da ke raina ya yi dariya, ya ce babu faifai a ciki, babu hannu, babu abin da ke motsi. Ƴan baƙaƙen ƙwayoyi ne liƙe bisa ɗan kati, dangin waɗanda ke cikin kile da katin waya. Kowace ƙwaya tana da ɗakuna ƙanana bila adadin, ana tsare ɗan burbushin lantarki a cikinsu, yawan abin da aka tsare shi ne rubutun. Wani injiniyan Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro dabarar a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Tun da babu hannun da zai yi tattaki zuwa inda rubutu yake, babu jira, kuma gargadar babur ba ta dame shi ba.

A nan muka yi saɓani na farko. Shi ya ce a sa sabon, a zuba masa sabon Windows, sannan a kwaso dosiyoyina daga tsohon. Aikin awa guda. Ni na ce a'a. Na kawo masa hujjar haruffa masu lanƙwasa, cewa akwai takarduna na farkon shekarun 2000, na tun kafin mu san Unicode, da aka buga da wani salon rubutu na musamman wanda ya ɓoye ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a ƙarƙashin maɓallan wasu alamomi, kuma in babu wannan salon, «ƙasa» da «ɗaki» sukan koma baka-biyu da alamar kuɗi. Ya ce wannan fayil ɗaya ne, zai ɗauko shi. Na ce akwai ƴar dabarar da wani aboki ya sa mini a maɓallai don buga haruffan, kuma ya bar garin. Ya ce akwai sababbi da suka fi ta. Da hujjojina suka ƙare sai na faɗi gaskiya, cewa ban san inda kome yake ba. Shekara 11 ina jefa abubuwa duk inda hannuna ya kai, kamar ɗakin gwauro, kuma ina tsoron in an ce a zaɓi abin ɗauka zan bar abin da ba zan tuna da shi ba sai bayan shekara. «To, Mushe,» in ji shi, «sai mu juye shi gaba ɗaya, har da ƙanzon gindin tukunya.»

Na lura da kalmar nan, juye. Na zauna a tarurruka da dama inda muka kwashe yini muna neman yadda za a ce kaza da kaza na kimiyya da Hausa, mu fito da kalmomi masu tsawo waɗanda ko mu ba mu sake furta su bayan an tashi. Shi wannan bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauko kalmar da ake amfani da ita ga hatsi da ga kaset, ya ɗora ta a kan aikin, ta zauna daram. Na ciro ɗan kaye daga aljihu na fara rubutawa, yana kallona ta gefen ido.

Juyen ba a cikin Windows ake yin sa ba, domin faifan da ake son ceta bai kamata ya zama shi ke ɗauke da aikin ba. Yana da wani kile nasa mai ɗauke da kayan aiki, kuma dole kwamfuta ta tashi daga wannan kilen. Ya danna maɓallin wuta, nan take ya shiga bugun F2 da sauri kamar mai kaɗa kalangu. Sai ga wani allo ya fito wanda ban taɓa gani ba a shekara 11, shuɗi da toka-toka, babu hoto, babu linzami, rubutu kawai, duka da Ingilishi. Ya ce wannan shi ne biyos, kuma shi zaure yake kiransa. Ba a kan faifai yake zaune ba, yana cikin wata ƴar ƙwaya a jikin babban katin kwamfuta, shi ya sa ko an cire faifan yana nan. Idan aka kunna na'ura shi ke fara farkawa, ya duba mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ƙwaƙwalwa, maɓallai, allo, faifai, sannan ya duba jerin da aka ba shi na wanda zai fara tasa. Ya nuna mini jerin, faifai a sama, kile a ƙasa. Ya ɗaga kile zuwa sama da maɓalli guda.

Ni da nake cin abinci da harsuna biyu, na tsaya gaban wannan allo kamar baƙauye a gaban takardar kotu. Shi kuwa ba ya jin Ingilishin da zai sayi goro da shi, amma yana karanta allon kamar yadda direba ke karanta alamun hanya. Ya san abin da kowane layi ke yi, bai damu da yadda ake furta shi ba. Na tuna sau nawa na rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya mai da hankali.

A cikin zauren ne muka gano wani ɓoyayyen ciwo. Agogon biyos yana nuna 1 ga Janairu na wata shekara da ta shuɗe tun kafin in sayi na'urar. Ashe akwai wani ɗan batir, girman ƙwandalar dala, lambarsa CR2032, mai bolt 3, wanda aikinsa kawai ya riƙe agogo da abin da aka tsara a zaure yayin da babu wuta. Nawa ya mutu ban san yaushe ba. Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa nake gyara kwanan wata da hannu kusan kullum, da abin da ya sa shafukan intanet ke ƙin buɗewa har sai na gyara, da abin da ya sa wasu takarduna ke ɗauke da ranar da ta girmi rubuta su. Ya ce dole a sauya shi, in ba haka ba duk abin da muka tsara yana iya gushewa da zarar an zare waya. Batirin dala ɗari ne, amma sai da aka kwance ƙananan kusoshi goma sha wani abu kafin a kai gare shi.

Aka haɗa sabon ma'ajin da igiya ta bakin USB, aka fara juye bayan la'asar. Dabarar kayan aikinsa ita ce ya fara kwashe duk inda ke karantuwa da sauƙi, ya tsallake gyambo, yana rubuta inda ya tsallake, sai a ƙarshe ya dawo ya lallaɓa su gurbi-gurbi. Kowane gurbi bayit 512 ne, kimanin haruffa 500, ko ƙasa da haka idan rubutun Hausa ne, domin haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu-biyu suke ci. Bakin USB na tsohuwar na'ura ba ya wuce mega 30 da ɗoriya a daƙiƙa, don haka ko lafiyayyen faifai sai ya ci wajen awa uku. Ya ce in tafi gida in dawo da safe. Na ƙi. Muka yi magariba da isha a masallacin unguwar, yaransa suka dafa shayi, muka yi hirar waɗanda suka yi aji tare da shi, wane yana Yamai, wane ya tafi Agadas bai dawo ba. Wajen ƙarfe goma lambobin da ke gudu a allo suka koma rarrafe, ƙas-ƙas ta dawo. Ya ce yanzu ne aka iso gyambon. Ƙarfe sha ɗaya da rabi maiɗakina ta kira a karo na uku, na haƙura na tafi.

Da safe na tarar da shi yana murmushi. Cikin jiga 320, abin da ya ƙi karantuwa kimanin mega 3 ne kawai, kusan duka a wuri guda. Bai kai kashi 1 cikin 100,000 ba. Ya ce a aikinsu wannan sa'a ce babba. Ya kwance murfin ƙasa, ya zare tsohon faifan, ya zura sabon a gurbinsa, ya koma zaure ya mayar da shi saman jeri. Ya danna maɓalli. Kwamfutar da nakan kunna in je in yi alwala in dawo tana nishi, sai ga ta ta buɗe kafin in gama gyara zama. Hoton ƴata na nan a allo, dosiyoyina na nan a warwatse yadda na bar su, ƙ da ɗ suna fita. Babu ƙara, babu ɗan zirin da nakan ji a cinya. Ya ce ko yanzu ba ta kai ƙarshen gudunta ba, akwai wani layi a zaure da ke kan IDE, ya kamata a mai da shi AHCI. Na farko tsohon yare ne da ake magana da faifai da shi, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, sai an gama a karɓi wani. Na biyu yana barin a jera umarni har 32 a tare, ma'ajin ya san yadda zai bi da su. Amma yana da aiki a gabansa, ya ce in dawo jibi. Ya kuma ja mini kunne kada in taɓa layin da ke maganar UEFI, domin an tsara ma'ajina bisa tsohon tsari, in aka sauya ba zai tashi ba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da wannan karin maganar a kaina na zauna a tsakar gida daren nan. Na ga yadda aka shiga, na rubuta a kaye, layi ɗaya ne kawai, me zai sa in sake ƙona mai zuwa bayan kasuwa? Na bugi F2, na sami layin, na mai da shi AHCI, na adana, na fita. Alamar Windows ta fito, ta ɗan juya, sai allon ya rikiɗe shuɗi da wata fuska mai baƙin ciki a kwance. Ta kashe kanta ta sake tashi, ta sake faɗawa wuri guda. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonta ba. Abin da ya zo mini shi ne na kashe sabon, tsohon kuma yana gargara, kuma da hannuna na yi. Ko tunanin in koma in mayar da layin yadda yake bai zo mini ba. Ƙarfe sha biyu saura na kira shi.

Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Ya ce babu abin da ya ɓace. Windows ɗina ya saba da tsohon yaren tun ranar da aka zuba shi, kuma juyen da na nace a yi ya kawo shi da sabonsa. Da aka sauya yare a zaure, ya tashi ya nemi ma'ajin da yake zaune a kai, ya kasa yi masa magana. Ta waya ya bi da ni: in koma zaure in mayar da IDE, in bar ta ta tashi, in umarce ta da tashi na gaba ya zama ta hanyar lallaɓa, wadda Faransanci ke kira mode sans échec, sannan in sake shiga zaure in sa AHCI. A hanyar lallaɓa za ta ɗauko abin da take buƙata na sabon yaren da kanta, daga nan sai a tashe ta yadda aka saba. Yana faɗa ina bi, yana maimaitawa a hankali, har da tsayawa a inda ya kamata a sa waƙafi. Sai da muka gama na gane cewa dikte ya yi mini.

Kafin ya kashe wayar ya ƙara mini da abin da bai faɗa da rana ba. Tsohon faifai yakan yi kuka kafin ya mutu, kamar yadda nawa ya yi mako uku yana yi. Sabon ba lallai ne ya yi ba, yana iya kwana lafiya ya wayi gari ba ya amsawa. Abin da aka share a tsohon sau da yawa ana iya tono shi, domin rubutun na nan sai an rubuta wani a kansa, a sabon kuwa na'ura na sanar da shi cewa wurin ya zama fanko, shi kuma ya share da gaske. Kada kuma in ɗauke shi abin ajiya a akwati. Burbushin lantarkin da ke tsare a ɗakunansa yana zurarewa sannu a hankali idan ya daɗe babu wuta, kuma zafi na ƙara masa sauri. Na bincika daga baya na tarar ƙa'idar masu ƙera su ta tanadi cewa wanda ya tsufa har ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya iya riƙe abin da ke cikinsa shekara 1 ba wuta, a zafin digiri 30. Sabo yana riƙewa fiye da haka nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya san ɗakin kwano a Maraɗi cikin Afrilu ya san digiri 30 sanyin asuba ne. A makon na sayi wani faifai na waje, na kwafe kome, na kuma aika wa ƙanena a Damagaram da kile guda. Na'urar kanta ba ta da sauran tsawon rai. Ba za ta ɗauki Windows 11 ba, kuma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan matsalar wata rana ce.

Saura mega 3. Ya ce yana iya bin lambobi ya gano fayil ɗin da suka faɗa, amma tun da ƙarar ta taso ne ina kwafe dosiyen Inna, na riga na san unguwar. Na ce ya bari, ni zan nema. Naɗin nawa kimanin mega 1 yake ci a minti, ke nan minti uku nake nema a cikin naɗi 43, kuma babu hanyar da na yarda da ita sai saurare.

Haka na kwashe hutun damina. Kowane dare naɗi ɗaya ko biyu, abin ji a kunne, kaye a gaba, ina rubuta tatsuniyar don littafin ƙungiya. Daren farko ban rubuta kome ba. Na manta cewa tana jan numfashi ta hanci kafin Gizo ya yi magana, na manta yadda take tauna harshe ta yi muryarsa har yara su faɗi da dariya, na manta akwai akuyar maƙwabta da ke shiga kusan kowane naɗi. Akwai inda ta tsawata mini, ni da gemuna, don na gyara mata wata kalma zuwa yadda ake rubuta ta a littafi. Ƴata, wadda take ƴar shekara biyar a cikin naɗin kuma yanzu tana jami'a, ta zauna ta ji muryarta tana tambayar ko kura na da uwa.

A na 31 na sami wurin. Na zaci zan ji shiru na minti uku, ashe ba haka abin yake ba. Na'urar saurare idan ta iso inda ba ta gane ba, tsallakewa take yi ta kama gaba. Inna tana tsakiyar jimla, tana cewa kakarta ba haka take ƙarasa wannan tatsuniyar ba, domin su a garinsu, sai wani ɗan tsaki na inji, sai ga yara suna dariya tana cewa ƙurunƙus. Wanda bai san daren ba ba zai lura an yanke kome ba. Ni na san shi. A daren ne, sau ɗaya tak, ta bar tatsuniya ta shiga labarin kakarta, yadda aka kawo ta Tsibiri tana yarinya a shekarar yunwa, da sunan garin da aka ɗauko ta. Na tuna na ce a raina ba sai na rubuta ba, ai rakoda na ɗauka.

Tsohon faifan yana cikin akwatina, naɗe a tsumma. Yaron, wanda yanzu nake kira Malam yana ce mini in bari, ya ce kada in sake kunna shi, kowane juyi yana iya faɗaɗa gyambon. Akwai masu buɗe faifai a ɗakin da ƙura ba ta shiga, a ƙasashen waje, kuɗinsu ya fi albashina na watanni, kuma in fuskar faifan ce ta karce su ma babu abin da za su iya.

A watan Satumba na je Tsibiri wurin Iya, ƙanwar Inna, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na sa mata naɗi na 31 a waya. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce kome ba, ta share fuska da gefen mayafi, sannan ta faɗi sunan wani gari ta wajen Sabon Birni, ta ce ba ta da shakka. Da na koma gida na faɗa wa Yaya, ta ce Iya ta tsufa, ita da kunnenta ta ji Inna na cewa wani gari ne ta wajen Madawa. Na rubuta duka biyun a kaye da bik, kowanne da sunan wadda ta faɗa da kwanan wata, sannan na buɗe kwamfuta na ƙara su a ƙarƙashin tatsuniya ta 31.